Ta Ashirin da Bakwai

Yaya na tsaye kan kujera tana jera kwalaben maganin tari a katakon sama lokacin da waya ta yi ƙara a aljihun farar rigarta ta aiki. Ta sauko da kwalba ɗaya a hannu, ta ɗauka. Muryar mace ce. Ta ce daga makarantar su Auta take kira, yarinyar yau kwana huɗu ke nan tana kwance a ɗakin jinya da ciwon ciki, an auna duk abin da ake aunawa ba a ga komai ba, ana so wani babba daga gida ya zo.

"Mahaifinta muka so mu kira," in ji matar, "ta roƙe mu da kuka a kira ki."

Wannan ya fi ciwon ba Yaya mamaki, domin ita da ƙanwarta ba wata shaƙuwa ce tsakaninsu ba. Shekara goma sha uku ta ba ta, maza biyu ne a tsakani, duk sun tafi neman na kansu. Ita ce babba, shi ya sa kowa ke ce mata Yaya, har Baba da Mama, har Madam mai kantin maganin da take wa aiki. Auta kuwa tun tana shekara huɗu take karanta rubutun jikin kwalin madara, tana shekara bakwai aka tsallakar da ita aji biyu, kuma ba ta taɓa kawo sakamakon da ba ta ɗaya ba. Baba, wanda gyaran wutar lantarki ne sana'arsa, ya sa mata suna Farfesa. Duk gidan da ya shiga gyara, kafin ya ɗaura waya biyu an ji labarinta. Ranar da ta ci jarrabawar shiga makarantar kwana ta masu hazaƙa, sai da ya kai takardar aka sa mata gilashi ya rataye a falo, a saman talabijin.

Yaya ba ta da takardar da aka taɓa ratayewa. Ta maimaita aji ɗaya a sakandare, ta fita da ƙyar, ta yi kwas ɗin haɗa magani, amma jarrabawar lasisi ta kayar da ita sau uku, duk a takardar lissafi. Ba ta ƙin Auta. Sai dai in Baba ya fara zancen Farfesa, takan tuna akwai wanki a bayan gida.

Ta nemi izinin Madam, ta cire farar riga, ta kama motar haya.

Tafiyar awa biyu ce. A ɗakin jinya ta tarar da Auta kwance ta juya wa ƙofa baya, ta naɗe ƙafafu, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Da ta ji muryar Yaya ba ta juyo ba, sai dai ta miƙo hannu baya ta kama gefen mayafinta ta riƙe. Ma'aikaciyar jinya ta ce malamar lissafi na son ganin wanda ya zo.

Malamar gajeriya ce mai furfura a gaban goshi, tabarau a rataye a wuya, ofishinta cike da takardu har kan kujerar baƙi. Ta kwashe su ta zube a ƙasa, ta ce Yaya ta zauna.

"Kin ga sakamakonta na zangon da ya wuce?"

"Ta ce mana ba a bayarwa sai ƙarshen shekara."

Malama ta ɗan murmusa, ta jawo wata takarda ta miƙo. Ta ashirin da bakwai cikin talatin. Yaya ta duba sunan sau biyu ko an yi kuskure. Sai Malama ta ƙara miƙo mata wasu takardun, na gwajin mako-mako. Kowace da sunan Auta a sama da kyakkyawan rubutunta, da kwanan wata, an ja layi da rula. Ƙasa kuma fari fat.

"Ba ta rubuta komai ba?"

"In ta ga amsa nan take, sai ta rubuta, kuma daidai ne. In ba ta gani ba cikin minti biyu, sai ta ajiye biro ta zauna tana kallon bango har a karɓa. Na tambaye ta dalili, ta ce gara a ce ba ta yi ba da a ce ta yi ba daidai ba." Malama ta sa tabarau ta dubi Yaya ta samansa. "Kowace shekara ina samun irinta biyu ko uku. Yaran nan talatin duk na ɗaya ne a inda suka fito, dole wani ya zama na talatin a nan. Ƙanwarki kanta na ja, ba na shakka. Abin da ba ta taɓa koya ba shi ne zama da abin da ya fi ƙarfinta. Ba wanda ya taɓa ba ta aikin da ya sa ta gumi."

"To ciwon cikin fa, Malama?"

"Ciwon gaske ne, ba ƙarya take ba. Ranar Litinin ake gwaji, ranar Lahadi yake tashi."

Ta ce a tafi da ita gida mako biyu. Ta ba Yaya takarda ɗaya mai tambayoyi biyar, da sabon littafin rubutu mai kauri.

"Waɗannan ba a yin su a zama ɗaya, ni kaina ɗaya daga ciki ta ci mini mako. Ba amsa nake so ba. Littafin nan nake so ya dawo mini da datti. Da biro za ta yi, ba fensir ba, kuma na ƙirga shafukan, kada a yage ko ɗaya."

A mota Auta ta jingina kai da gilashi. Sai da suka yi nisa ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Yaya, kin gani ko?"

"Na gani."

"Kada ki faɗa wa Baba. Kuma ni ba zan koma ba. A mai da ni tsohuwar makarantarmu."

Yaya ta tura littafin Malama cikin jaka ta rufe.

A gida Baba ya tarbe su tun daga bakin ƙofa, da abin gwajin wuta a aljihun gaba. "Farfesa! Karatu ne ya yi miki yawa, na sani. Ƙwaƙwalwa irin taki sai da hutu." Auta ta sunkuyar da kai ta wuce ɗaki. Mama ta bi ta da kallo, ta dubi Yaya, ba ta yi tambaya ba a lokacin. Da yake Mama na fita wurin ɗinki tun safe, Baba kuma yana yawon gyara, aka yanke cewa Auta ta riƙa bin Yaya kanti, kada a bar ta ita kaɗai.

Kantin ɗan ƙarami ne, a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da takalma. Bayan kanta akwai wani lungu mai tebur da kujera biyu da firij ɗin allurai da ke gurnani duk wuni. Nan Yaya ta zaunar da Auta, ta ajiye mata takardar Malama da littafi da biro. Kwana uku littafin bai buɗu ba. Auta ta karance takardun cikin kwalayen magani kaf, ta gyara wa Madam jerin kwanan watan lalacewar magunguna, har Madam ta ce wannan yarinya ai a bar mata ita. Amma tambayoyin nan biyar ko kallonsu ba ta yi.

Rana ta huɗu da azahar, ba ciniki, Yaya ta shigo lungun ta tarar Auta ta jawo aljihun tebur ta fito da littafinta na shirin jarrabawa. Takardun sakamako uku da take ɓoyewa a ciki suna shimfiɗe a tebur. Talatin da takwas. Arba'in da ɗaya. Arba'in da shida. Hamsin ake nema.

"Wa ya ce ki taɓa min kaya?"

"Yaya, wannan ne lissafin da ke kayar da ke?" Auta ta nuna wata tambaya da yatsa. "Maganin ruwa mai miligiram ɗari da ashirin da biyar a kowane mil biyar na kofin awo, yaro na bukatar miligiram ɗari biyu, mil nawa za a ba shi? Takwas ne mana. Wannan ai ko 'yan firamare..."

Ba ta ƙarasa ba, ta ga fuskar yayarta.

Yaya ta kwashe takardunta. Abin da ta daɗe tana haɗiyewa ya taso mata gaba ɗaya.

"E, na 'yan firamare ne. Ni daƙiƙiya ce, kowa ya sani, ba yau aka fara faɗa ba. Amma daƙiƙiyar nan sau uku tana shiga ɗakin jarrabawa, kuma kowace tambaya sai da na rubuta mata wani abu, ko da shirme ne. Wata mai zuwa zan shiga na huɗu. Ke kuma Farfesa, sau ɗaya aka ce miki ba ke ce ta ɗaya ba, kin kwanta kin naɗe kamar tabarma, kin sa na bar aikina na yi tafiyar awa huɗu. Ki riƙe basirarki, Allah ya sa albarka."

Ta fita gaban kanti. Wani tsoho ya shigo neman maganin hawan jini, ta sallame shi, ta ba wata mata maganin mura, ta goge gilashin kanta da ba ya bukatar gogewa. Zuciyarta ta huce, kunya ta maye gurbin fushin. Yarinya ce 'yar shekara goma sha uku, kuma marar lafiya.

Da ta koma lungun ta tarar Auta ta ci kuka ta ƙoshi, idanu sun yi ja. Yaya ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, Auta ta riga ta.

"Yaya, yaya kike yi?"

"Yaya nake me?"

"Washegarin ranar da sakamako ya fito. Yaya kike tashi ki yi wanka ki fito, mutane na kallonki?"

Ba da gatse ta yi tambayar ba. Da gaske take, kamar mai tambayar hanya a garin da ba ta sani ba. Yaya ta jawo kujera ta zauna. A rayuwarta ba wanda ya taɓa tambayarta yadda ake yin wani abu a gidan nan, in ban da inda aka ajiye almakashi.

"To," ta ce, tana tunani. "Ranar farko kuka nake yi. Ba na hana kaina. Na farkon ma a banɗakin kantin nan na yi shi, Madam na buga ƙofa tana cewa ko gudawa ce. Rana ta biyu sai in ci abinci sosai, domin baƙin ciki da yunwa in suka haɗu ba kyau. Rana ta uku in ɗauko tambayoyin in duba inda na faɗi."

"Ba kya jin kamar ki mutu in kin ga jan biro?"

"Ina ji. Minti goma na farko. Daga nan sai ya zama aiki kawai. Mutane kuma da kike cewa suna kallo, wallahi kwana biyu ne, kowa na da abin da ya dame shi." Ta jera takardun uku a tebur da kanta. "Duba nan. Talatin da takwas, arba'in da ɗaya, arba'in da shida. Kowa faɗuwa uku yake gani. Ni kuwa ina ganin ina matsowa."

Auta ta daɗe tana kallon lambobin.

Nan suka yi yarjejeniya. Kullum bayan azahar, in ciniki ya lafa, Auta za ta koya wa Yaya lissafin magani na rabin awa. Daga nan Auta za ta buɗe littafin Malama ta yi rubutu na rabin awa, ko me ya zo mata, Yaya na zaune a gefe.

Koyarwar ta fara da rigima. Auta ba ta iya bayani ba ko kaɗan.

"Takwas ne."

"Na ji takwas ne. Ta ina takwas ɗin ya fito?"

"Ai ga shi nan, ana gani."

"Ke kike gani. Ni ba na ganin komai sai baƙin rubutu. In haka malamanku ke koyarwa, a mayar wa Baba kuɗin motarsa."

Auta ta yi bayani ta wata hanya, Yaya ba ta gane ba. Ta sake wata, ya ƙara dagulewa. Ta dafe kai, ta ce ita kam ta gaji. Yaya ta ce ba a tashi ba, saura minti goma sha biyu. A rana ta uku Auta ta ɗauko ƙaramin kofin awon magani da ruwa da wasu murafun kwalba, ta ce kowane mil ɗaya yana ɗauke da miligiram ashirin da biyar, kamar fasinja a mota. Mota nawa za ta kwashi mutum ɗari biyu? Yaya ta ƙirga da yatsu, ta ɗago kai a hankali.

"Takwas."

"Yawwa!"

"Dama abin ke nan? Shekara uku!" Ta kai wa Auta dukan wasa a kafaɗa. "Me ya hana ki faɗa haka tun farko?"

"Ni ma sai yau na san haka ne," in ji Auta, tana dariya. Wannan ce dariyarta ta farko tun dawowarta.

Rabin awar Auta ta fi wuya. Ranar farko ta rubuta layi biyu, ta ga ba daidai ba ne, ta kama gefen shafin za ta yage. Yaya ta dafe littafin da tafin hannu.

"An ƙirga."

"Yaya, shirme ne!"

"Ja masa layi ki yi gaba. Shirmen naki ne, ba na aro ba."

Auta ta ja layin kamar mai yanka naman jikinta. Ta ce cikinta na murɗawa. Yaya ta ba ta ruwa, ta ce in an cika rabin awa yana nan, za ta kai ta asibiti da kanta. Da lokaci ya cika, ciwon ya tafi, shafi ɗaya da rabi sun cika da zane-zane da gogaggen rubutu.

Tambaya ta biyu ce ta kama ta. Yaya ma ta haddace ta don yawan ji: a nuna cewa duk inda mutum shida suka taru, dole a sami uku da duk sun san juna, ko kuma uku da ba wanda ya san wani a cikinsu. Auta ta jera kwalabe shida a tebur ta mai da su mutane, tana haɗa su da zaren ɗinkin Mama, ja na sani, baƙi na rashin sani. Ta zana, ta soke, ta sake zanawa. Ta tafi da ita gida, ta dawo da ita. Rabin awa ta koma awa biyu ba wanda ya sa ta. Tana cin abinci tana zane da yatsa a gefen faranti. Rana ta biyar ta jefar da biro, ta ce hanyoyin sun yi yawa, ko shekara za ta yi ba za ta gama gwada su ba, ita dai ba ta da kan da ake cewa tana da shi.

Lokacin kanti ya cika, mutum biyar a tsaye kowa na miƙo takardarsa. Yaya ta leƙo lungun a gurguje don ɗaukar allura a firij, ta gan ta ta zuba tagumi.

"Ke ma kin cika haɗama," ta ce tana wucewa. "Ni in suka taru min haka, ɗaya nake kamawa in gama da shi. Kama mutum ɗaya ki tambaye shi wa ya sani, ki bar sauran su jira."

Ta koma wurin masu saye, ta manta ma ta yi maganar. Tana cikin nuna wa wata mai jego yadda za ta auna wa jariri magani, sai ihu ya tashi daga lungu, kwalba ta faɗi ta fashe. Auta ta fito a guje da littafi, zare ja na maƙale a hannun rigarta.

"Ya fito! Yaya, ya fito! In ka kama mutum ɗaya, saura biyar, dole ko ya san uku ko bai san uku ba, to su ukun nan kuma..."

"Ke, a hankali, akwai mutane."

"Ke ce kika faɗa! Yaya, ke ce!"

Yaya ba ta fahimci ko rabin bayanin ba, kuma ba ta yi kamar ta fahimta ba. Mai jegon ta tambaya ko wani abu aka ci. Madam ta ce ko me aka ci, a zo a share mata kwalba. Auta ta share tana ta surutu ita kaɗai. Shafi goma sha tara tambayar ta ci.

Saura kwana biyu hutun ya ƙare, da safe suna shirin fita, Auta ta ce, "Zan koma. Amma Baba fa?"

"Ke za ki faɗa masa. Ina tsaye a bayanki."

Baba na zaune a falo yana shan shayi, ya baje wata tsohuwar fanka a kan jarida yana kwance ta. Mama na ɗaura ɗankwali a bakin ƙofa; Yaya ta riga ta sanar da ita gaskiyar tun makon farko. Auta ta durƙusa gefensa ta miƙa takardar da ta ɓoye wata uku. Ya goge hannu, ya nisanta takardar da idonsa, ya karanta.

"Wannan ta wace ce?"

"Tawa ce, Baba."

"Ashirin da bakwai." Ya juya bayan takardar kamar zai ga wata lambar a can. "Farfesa, ashirin da bakwai?"

Auta ta fara hawaye. Yaya ba ta taɓa mayar wa Baba magana ba, amma ta matso.

"Baba, don Allah a ɗan ajiye sunan nan. Ya yi mata nauyi. Saboda shi ta kwanta ciwo, tana tsoron ranar da za ka ji. Kowa a ajin nan na ɗaya ne a gidansu."

Baba ya ɗago ya dube ta, ransa a ɓace. "Ni na sa mata ciwo? Ni da nake alfahari da ita?"

"Ba wanda ya ce ba ka sonta," in ji Mama daga bakin ƙofa, a hankali. "Amma ka faɗa wa mai kayan miya, ka faɗa wa mai wanki, har direban da ya kai mu asibiti bara ka faɗa wa. Yarinya ta rasa inda za ta sa ƙafa ta yi tuntuɓe."

Baba ya ɗauki sukurdireba ya ajiye. Ya sake duba takardar, ya daɗe.

"Cikin nawa?"

"Talatin," in ji Auta da ƙyar.

"To su ukun nan da ke bayanki, iyayensu sun kore su daga gida?"

"A'a, Baba."

"To ni ma ba zan fara ba." Ya yi gyaran murya. "Tashi, Auta. Riƙe min wannan murfin, kada ƙusoshin su watse."

Ta riƙe. Sai da Yaya ta ɗauki jaka za su fita ya ce, yana kallon fankar, "Ke kuma taki jarrabawar yaushe ce?"

Yaya ta tsaya cak. Sau uku tana shiga bai taɓa tambaya ba.

"Ranar sha takwas ga wata, Baba."

"Ki tuna min. Ni zan kai ki."

Ranar Lahadi Yaya ta mayar da Auta makaranta. A hanya cikin ya ɗan murɗa, Auta ta faɗa, ta sha ruwa, suka ci gaba da hira. Malama ta karɓi littafin a tsaye, ta sa tabarau, ta riƙa buɗa shafukan ɗaya bayan ɗaya: soke-soke, kibiyoyi, tabon shayi, wani wuri da biro ya huda takarda. Tambaya ɗaya ce ta fita cikakkiya, ta huɗu ta kai rabi, sauran ukun ba su je ko'ina ba.

"Ɗaya da rabi kawai na yi, Malama," in ji Auta.

"Na gani. A shafi na talatin da ɗaya kin kusa kama ta huɗun, kika saki. Me ya sa?"

"Na ɗauka ba hanya ba ce."

"Hanya ce. Zo ranar Laraba bayan darasi mu bi ta tare. Akwai wasu biyu da ke zuwa, su ma ta ba su kashi." Ta dubi Yaya. "Wa ya zaunar da ita?"

"Yayata ce," in ji Auta, kafin Yaya ta yi magana. "Ita ta san yadda ake yi."

Ranar sha takwas Baba ya goya Yaya a babur ɗinsa har ƙofar ɗakin jarrabawa, jakar kayan aikinsa na dukan ƙafarta duk hanya. Bayan mako shida sakamako ya fito, ta sami hamsin da takwas. Ta shiga banɗakin kanti ta yi kukanta, ta fito ta ci gaba da aiki. Auta kuma a ƙarshen zangon ta zo ta ashirin da ɗaya, ta karanta wa Baba lambar da bakinta a waya. Ciwon cikin bai rabu da ita gaba ɗaya ba. Yakan leƙo in babban gwaji ya matso, sai dai bai ƙara kwantar da ita ba.

Wata Asabar da hantsi Auta ta kira daga wayar makaranta, tana haki.

"Yaya, in za ki zo ziyara ki taho min da takalmin gudu."

"Gudu kuma? Ke da ko tsallake kwata sai an riƙe miki hannu?"

"Na shiga ƙungiyar tsere. Yau muka yi na farko, zagaye huɗu."

"Kika zo ta nawa?"

"Mu tara ne. Da na iso har mai busa usur ya zauna yana cin biredi." Ta fashe da dariya. "Amma na gama, Yaya. Wata ma a zagaye na uku ta tsaya. Lamba talatin da bakwai nake sawa, kada ki sayo mai ruwan hoda."

"Wanda na samu shi za ki sa."

Wani mutum ya shigo kantin riƙe da yaro mai zazzaɓi a kafaɗa, yana miƙo takardar likita. Yaya ta ce wa Auta sai ta zo, ta kashe wayar. Ta karanta takardar, ta tambayi nauyin yaron, ta jawo biro ta yi lissafin a bayan wani kwali, ta sake bi don ta tabbatar. Sannan ta ɗauko kwalbar da kofin awo, ta nuna wa uban layin da zai riƙa tsayawa.